Sulallan Rumawa Biyar na Baffa

Ina tsaye a wani shagon takalma a kasuwar Naif ta Dubai, takalmi ƙafa ɗaya a hannuna, ina gaya wa mai shagon cewa matan Kano ba za su iya tafiya a kan wannan tsinin ba, sai wayata ta yi ƙara. Matar Baffa ce. Ba ta yi sallama ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Uwarsa, ki zo. Ɗanki ya tafi."

Na ce, "Ina ya tafi?" Don Baffa mutum ne mai fita, yau yana filin jirgi, gobe yana wajen lodin kwantena. Kafin ta amsa na gane. Na mayar da takalmin cikin kwalinsa, har na tsaya daidaita shi da ɗan'uwansa, ban san abin da ya sa ba. Mai shagon yana ta rage mini farashi a bayana har na fita titi.

Sunan kakarmu aka sa mini, mahaifiyar su Baffa, shi ya sa 'ya'yanta ba su taɓa kiran sunana ba. "Uwata" suke ce mini tun ina rarrafe. Baffa ne babba. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, shi ne na tsakiya. Sai autansu da muke kira Baba Ƙarami, wanda yake Kano. Tun da mahaifina ya rasu Baffa ya tsaya mini. Shi ya ba da aurena, shi ya nemo wa maigidana aiki a wani shagon kayan mota a Ras Al Khor, kuma shi ya zaga da ni Naif lungu-lungu har na iya sayen kaya ina aika wa mata gida.

Da safiyar ranar Baffa ya karya kumallo, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya jingina da kujera. Kafin motar asibiti ta iso ya cika. Washegari, da aka gama takardu, aka yi masa sutura a nan Dubai, inda ya yi shekara ashirin da wani abu.

Gidan ya yi mana kaɗan. Mata muka cika falo, maza suka koma zaman makoki a shagonsa na kago, wato aika kaya ta jirgi, da ke Al Sabkha. Maigidana ya ce masu turin kaya 'yan Pakistan sun jera kekunansu a ƙofar shagon, suka shigo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dafa ƙirji ya fita, ba mai jin Hausa a cikinsu. Ɗaya daga ciki, babban mutum mai furfura, ya cire zoben hannunsa yana nuna wa mutane yana kuka. Na mahaifiyarsa ne, ya taɓa tsagewa, Baffa ya gyara masa bai karɓi komai ba. Mai shayin kusurwa, mutumin Indiya, ya yi kwana uku yana aiko da shayi, da aka je da kuɗi ya ce khalas, wato a bar maganar. A wajenmu kuma wata Hajiya 'yar Maraɗi, da ta shekara goma tana aika kayanta ta hannunsa, ta zauna kusa da ni ta ce, "Yanzu wa zai riƙa yi mini faɗa a kan ɗaurin kaya? Kullum sai ya ce na ɗaure buhu kamar mai jin haushinsa." Muka yi dariya, sannan muka yi kuka.

Ni aka ce in kira Baba Ƙarami. Na shiga kicin na rufe ƙofa. Ya yi salati sau uku, ina jin ƙarar masaba daga wata maƙera a bayansa. Sannan ya ce, "Uwata, ya bar wata magana?"

Na ce abin ya zo da sauri.

Ya ce, "A kaina nake nufi."

Na ce, "Baba, ka zo tukuna."

Shekara shida ke nan tsakanin Baffa da ƙaninsa ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa, irin ta mutanen da suka haɗu a layin asibiti. Duk dangi sun san da wannan, amma kaɗan ne suka san a kan sule ɗaya aka yi. Ina rubuta wannan ne don kar a tuna da Baffa da rabin labari.

Gidanmu gidan ƙirar fari ne. Kakanninmu azurfa suke narkawa su yi zobe da awarwaro da 'yan kunne. Da mata suka koma gwal da kayan kanti, Baffa ya bar wa Baba Ƙarami maƙera ya fito neman abinci, har ya zauna a harkar kago. Amma hannunsa bai taɓa barin sana'ar ba. Duk abin da aka miƙa masa sai ya auna nauyinsa a tafin hannu, ko da cokali ne. In ya ga zobe a hannun mutum sai ya ce, "Kawo mu ji muryarsa." Ya sake shi a kan tayil, ya karkata kunne. In ya ce, "Wannan yana da mura," to an cuce ka. A aljihun teburinsa akwai gwangwanin biskit da ya ajiye ɗan awartaki da ƙaramar masaba da magagari, wato ƙarfen da ake goge azurfa da shi. A ƙasan gwangwanin, cikin farin ƙyalle, akwai sulalla biyar.

Ƙanana ne, ba su fi farcen babban yatsa da yawa ba, sun yi duhu, ba wanda ya yi cikakken da'ira. Kuɗin sarakunan Rum ne na azurfa, sun kusa shekara dubu biyu. Wani malamin tarihi ɗan Sudan, da yake aika littattafai ta shagon, shi ya gaya masa haka, ya karanta masa rubutun da ke zagaye da bakinsu, ya faɗa masa sunayen sarakunan. Baffa bai riƙe sunayen ba. Nasa ya raɗa musu.

Ranar Juma'a bayan la'asar, in kasuwa ta lafa, yakan shimfiɗa ƙyallen a kan tebur. Akwai Mai Gemu, da rawanin ganye a kansa, a bayansa mace tana riƙe da sikeli. Akwai Mai Wuya, ƙaton mutum da Baffa yake cewa da ganinsa ba ya wasa da tuwo, a bayansa shanun huɗa biyu. Akwai Uwargida, matar wani sarki, da ɗawisu a bayanta. Na taɓa ce masa kitsonta kamar shuku. Ya ɗaga ta wajen haske ya ce, "To kin gani, Uwata. Ku kuna ganin ku kuka fara." Akwai Mai Raƙumi, wanda a bayansa mace ce tsaye da reshe a hannu, ɗan raƙumi a gefen ƙafarta. Malamin ya ce masa sarkin ya buga wannan ne da ya haɗa wani yanki na ƙasar Larabawa da mulkinsa. Baffa ya ce, "Ba su da rediyo, ba su da waya. In sarki yana son talaka ya ji labari, sai ya sa a aljihunsa."

Na biyar shi ne Dogon Hanci, wani tsoho ramamme mai hanci kamar lauje. A bayansa ba mutum ba dabba, hannu biyu ne kawai suna musabaha. Malamin ya ce rubutun yana maganar jituwar sojoji ne, kuma tsohon ya buga shi a lokacin da bai amince da sojojin nasa ba. Wannan ya fi ba Baffa dariya. Ya ce, "Ashe su ma in gida ba lafiya sai su fito da hoton zumunci."

Wani Alhaji mai sayen atamfa ya taɓa ganin su ya ɓata rai, ya ce bai kamata dattijo kamar Baffa ya ajiye surori ba. Baffa ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Kawo nairorin aljihunka in haɗa da su in zubar, na ga su ma da kawunan mutane." Alhajin ya ce shi wannan lalura ce. Baffa ya ce, "Ni ma a rufe suke, ba na salla suna gabana." Suka sha shayi.

Ba sarakunan ne suka dame shi ba, maƙeran da suka yi aikin ne. Ya ce kowane sule da hannu aka buge shi, a ɗora guntun azurfa tsakanin ƙarfe biyu masu zane, a sauke guduma. Yakan nuna mini inda hoton ya zame gefe, har rubutu ya faɗa waje. "Nan hannunsa ya goce. Ƙila yunwa yake ji, ƙila maigidansa yana tsaye a kansa." Yakan sa tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya, yana ƙirga gashin gemun Mai Gemu. "Wanda ya sassaƙa wannan ba shi da fitilar lantarki. Sarki ya sa sunansa, shi ko ba wanda ya san nasa. Amma ni na san shi. Ɗan gidanmu ne."

Rigimar ta faru a gabana. Baba Ƙarami ya zo Dubai a duba masa ido, zuwansa na farko, ya sauka a gidan Baffa. Ran nan na kai musu abincin rana shago. Baffa ya fito da ƙyallen zai nuna masa, bai fara bayani ba aka kira shi waje, mota ta kawo kaya. Baba Ƙarami ya ɗauki Dogon Hanci ya juya shi, ya auna a tafinsa, ya sake shi a kan tebur ya saurara. Sai ya miƙa hannu cikin gwangwanin ya ɗauko magagari, ya dafe sulen da babban yatsa, ya goga sau uku. Farin azurfa ya fito fes, tsagin ya ratsa daga baki har wuyan ɗaya daga cikin hannayen nan biyu.

Ina kallo ban hana shi ba. Ni 'yar maƙera ce. Tun ina yarinya haka na ga ana yi wa duk azurfar da ta shigo gidanmu, don fata takan yi ƙarya, sai an ga ciki. Ban ga laifi ba sai da na ga fuskar Baffa a bakin ƙofa.

Baba Ƙarami ya ɗago yana murmushi ya ce, "Yaya, ba a cuce ka ba. Azurfa ce mai kyau."

Baffa ya karɓe sulen ya duba. Ya ce, "Jahili. Hannunka bai san komai ba sai ɓarna."

Akwai baƙi biyu a shagon, ga ni, 'yarsu. Baba Ƙarami a lokacin ya haura sittin, yana da jikoki. Ya ajiye magagarin a hankali, ya goge yatsunsa a rigarsa, ya ce, "Na gode, Yaya." Bai taɓa abincin ba. Ya kwashe kayansa ya koma masaukin wani ɗan unguwarmu, da aka gama masa aikin ido ya wuce gida. Bayan haka Baffa ya je Kano sau biyu. "Yaya, an zo lafiya?" "Lafiya lau. Ya iyali?" Shi ke nan.

Na daɗe ina jin haushin Baffa, don ban taɓa jin ya zagi ko mai turin kaya ba. Sai bayan kamar shekara biyu, wata Juma'a, na je shago da rasit ɗin kayana, ya ce in zauna. Ya kama awarwaron azurfar da ke hannuna, wanda ya ba ni ranar aurena, ya ƙwanƙwasa shi da farce.

Ya ce, "Uwata, kin san abin da kike sawa?"

Na ce aikinsa ne shi da Baba Ƙarami.

Ya ce, "A farkon zuwana garin nan, wani tsoho mutumin Sham yana sayar da karyayyar azurfa a kan sikeli. Guntayen sarƙa, murfin tandu, cokula. A ciki akwai sulallan nan, sun cika tafin hannu biyu. Na saya don nauyinsu. Da na je gida, bikinku ya matso, ke da 'yan'uwanki mata uku. Muka zuba su a kasko. Ni na zuba, ƙanina yana zuga wuta. Ina ganin fuskokin suna narkewa, har ina cewa ga wani mai kama da limaminmu. Biyar ɗin nan a aljihun jaka suka maƙale, shi ya sa suka tsira."

Ya ce shekaru bayan haka malamin nan ɗan Sudan ya gan su a tebur, ya tambaye shi ko akwai saura. Baffa ya ce masa akwai, suna hannun 'ya'yansa mata. Da malamin ya fahimci abin da ake nufi, sai ya nemi kujera ya zauna, ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi.

"Bai zage ni ba," in ji Baffa. "Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da ya tsallake kusan shekara dubu biyu, ya wuce yaƙi, ya wuce gobara, ya zo hannuna na gama da shi kafin azahar."

Na ce, "Baba Ƙarami ya sani?"

Ya ce bai taɓa gaya masa ba. Da farko kunya, daga baya kuma ya ga me zai sa ya ɗora masa nauyin da shi kaɗai ya isa ya ɗauka. "Shi tsagi ɗaya ya yi, don kar a cuce ni. Ni na narka tafi biyu. Ranar nan ba shi nake zagi ba."

Na cire awarwaron na ajiye a tebur, na ji kamar ban cancanci sa shi ba. Ya turo mini shi. "Mayar. Sun riga sun zama naki. Ko ba komai sun je biki."

A nan na yi amfani da sunan da suka ba ni. Na ce, "To ni uwarku ce, ko ba haka kuke cewa ba? Ɗauki waya ka kira ƙaninka."

Ya yi dariya har ya share ido. "Inna ma haka take yi, ba ta bari mutum ya gama jin tausayin kansa." Amma ya ce wannan ba maganar waya ba ce, kuma ba maganar baki ba ce. A gidanmu babba ba ya buɗe baki ya ce wa ƙarami yi haƙuri. In ya san ya yi laifi, sai ya zauna a maƙera ya ƙera masa wani abu da hannunsa, ya ajiye masa inda zai gani. In ƙaramin ya sa, magana ta mutu. Kakanmu ya yi wa ƙaninsa haka da zoben da har yanzu yake gidan. Baffa ya ce zai yi wa Baba Ƙarami zobe, ya ɗora Dogon Hanci a kai, hannayen suna sama.

Na ce tsagin fa, zai cike shi?

Ya ce, "A'a. Shi ne ma za a fara gani. Maƙeri biyu ne suka taɓa sulen nan, na Rum da na Kano."

Sai matsalar awon yatsa. Ba zai tambaya ba, ni ma ba zan iya ba. Na kira matar Baba Ƙarami na ce ta taimake ni. Ta jira ya cire zobensa zai yi wanka, ta zagaya shi da zaren ɗinki ta ƙulla, ta sa a ambulan ta ba wata mai zuwa sayen kaya. Da na kai wa Baffa ya ɗaga zaren ya ce, "Ya yi ƙiba. Ashe rashin magana da ni ya karɓe shi."

Aikin da a da zai gama a yini ɗaya ya ɗauke shi fiye da shekara uku. Idonsa ya ragu, hannunsa ya fara rawa. Ba a kunna wuta a shago, sai ya je wajen wani abokinsa maƙerin gwal ɗan Indiya ya ari benci, shi ma sai ranar da ba aiki. Sau biyu yana gama gidan da sulen zai zauna ya ɓata shi, ya ce ba zai kai wa ƙaninsa aikin da zai yi masa dariya ba. Ya ƙi yarda wuta ta kusanci sulen, don haka sai ya yi masa baki mai lanƙwasa da zai riƙe shi ba tare da liƙi ba. Duk Juma'ar da na je sai na tambaya. Ya ce, "Shwaiya shwaiya, Uwata," wato a hankali. Na ce masa shekaru ba sa jira. Ya ce da babbar salla zai tafi da shi, saura ya haɗa bakin zoben ta ƙasa, aikin minti goma. Na yi ta yi masa faɗa, amma ban taɓa ɗaukar waya na gaya wa Baba Ƙarami abin da na sani ba, don Baffa ya ce in bar masa. Wannan yana cikin abin da nake juyawa a raina. Ya rasu saura wata biyu salla.

Ranar sadakar uku matarsa ta kira ni ɗaki ta miƙa mini gwangwanin. Ta ce, "Ya ce in wani abu ya faru, uwarsa ta san inda za ta kai." Sulalla huɗu suna cikin ƙyallensu. Na biyar yana kan zoben, an naɗe shi da zaren nan. Babu takarda, babu rubutu.

Baba Ƙarami bai samu biza ba sai bayan arba'in. Maigidana ya kai shi maƙabarta da safe, da hantsi ya kawo shi shago, inda babban ɗan Baffa ya ci gaba da harkar. Na roƙi a ba mu wuri. Ya ƙi zama a kujerar Baffa, ya jawo wani kwali ya zauna. Na gaya masa komai, tun daga tsohon mutumin Sham har malamin da ya goge tabarau. Na nuna masa awarwarona.

Ya daɗe yana kallon hannuna. Ya ce, "Na tuna ranar. Ni na zuga wutar. Har ya ce ga mai kama da liman." Ya girgiza kai. "Shi ne ya riƙe wannan shi kaɗai duk shekarun nan? Da ya gaya mini ai da mun raba."

Na ce kunya ya ji.

Ya ce, "Yaya ke nan. Tun muna yara in ya fasa tulu sai ya fi kowa faɗa."

Na ajiye zoben a kan tebur, inda zai gani, kamar yadda ake yi. Bai ɗauka nan da nan ba. Da ya ɗauka, sai da ya auna shi a tafinsa. Ya warware zaren ya duba shi, ya dube ni. Na ce matarsa ce. Ya ce, "Za ta gamu da ni." Ya kai zoben kusa da idonsa yana juyawa. "Ya tsufa. Dubi nan, masaba ta zame masa." Ya ƙara juyawa, ya bi bakin da ya riƙe sulen da farce har ya zagayo. "Amma wannan lanƙwasar, ba mai yin ta a Kano yanzu. Ni ma ban iya ba."

Sai babban yatsansa ya tsaya a kan tsagin. Ya ce, "Bai cike ba."

Na ce ya ce maƙeri biyu ne suka taɓa sulen.

Baba Ƙarami ya juya fuskarsa wajen buhunan kaya. Na bar shi. Da ya juyo ya ce, "Uwata, ni fa tun a jirgi na yafe masa. Jira nake ya kira ni da sunan da yake kirana muna yara, in ce na'am, shi ke nan. Ni ma da taurin kaina." Ya zura zoben a yatsansa. Ya shiga daidai, sai dai ta ƙasa bakin biyu ba su haɗu ba, akwai 'yar tazara da ƙwayar gero za ta wuce.

Na ce masa Baffa ya ce aikin minti goma ne, in ya koma maƙera sai ya sa sinadari ya liƙe.

Ya ce, "In na sa masa wuta ya zama aikina. Nawa sun cika gari."

Na gode wa Allah da ya ba mu Baffa, da faɗansa da kunyarsa da gwangwaninsa. Ya riƙe marayu bai taɓa bari mun ji mu marayu ba ne. Ya koya mini in auna abu a hannuna kafin in yarda da shi, ya kuma koya mini, da kuskurensa, in tambayi abin da yake kafin in sa shi a wuta. Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da mahaifiyarsa ta gaskiya a gidan rahama. 'Ya'yansa sun yarda sulalla huɗun nan ba za a sayar ba, ba za a narka ba. Suna cikin ƙyallensu a aljihun tebur, wani lokaci ranar Juma'a nakan je in buɗe.

Baba Ƙarami ya koma Kano da zoben a hannunsa. Matarsa ta ce yana kama masa zaren riga, ta yi magana har ta gaji. Bakin zoben har yau a buɗe yake.